Kundin Kawu Ya Zama Wayam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga teburin Shugaban Babban Banki, mai sa hannu a kuɗin ƙasa, zuwa ga mai tara takardun kuɗi. Bayan gaisuwa mai yawa, Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ciwon gwiwar nan. Ma'aikatanmu sun leƙa gidanku, sun tarar kowa ƙalau, sai Kaka, mahaifiyarka, da ta kwana uku ba ta taɓa abinci ba.

Muna sanar da kai cewa kundinka mai koren bango, wanda ka shekara ashirin da huɗu kana cikawa, ba komai a cikinsa yanzu. Rediyo ta ce tsofaffin kuɗi za su daina aiki ƙarshen wata. Kaka ta ce ba za ta zauna dukiyar ɗanta ta mutu a ƙarƙashin gado ba. Ta zare su ɗaya-ɗaya daga leda, har waɗanda ka hana a taɓa da hannu, ta ninke su huɗu, ta aiki jikanta banki.

Mai karɓar kuɗi ya canza guda sha tara, har da wadda lambarta bakwai-bakwai ce zalla, ya ba shi sababbi fil da ko buhun gawayi ba za su saya ba. Na tsohuwar hukumar da ta riga bankin nan buga kuɗi kuwa, ya turo masa su, wai ya kai gidan tarihi. Ruwa ya jiƙa su a hanya, Kaka ta bi su da dutsen guga, biyar suka ƙone. Garin neman gira an rasa ido. Jikan ya koma banki sau uku neman sha taran nan, aka ce masa tuni an kai su inda ake niƙe tsofaffi.

Inna da Gwaggo suna gaishe ka, a gaida matarka da 'yan biyu.

Kawu, kujerar nan ta fi ƙarfina. Ba wani shugaba, ni ne, autan yayarka, ni ne kuma jikan. Na san darajarsu, kai ka nuna mini, amma na yi shiru don ina son in ga cikin banki. Ka zage ni iya son ranka. Amma ka kira Kaka ka ce mata takarda ce kawai, ko da ba haka ba ne a zuciyarka, ko ta ci abinci.

Naka mai laifi,
Auta