Darasin Zama Shiru

Baba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ciwon bayan? Yaya Mama da Auta? Ni lafiya lau, tarin ma ya kusa sakina, amma kada Mama ta ji.

Karatun zama fasto yana tafiya. Wannan zangon an tura mu asibiti ziyarar marasa lafiya. Malamarmu ta kafa doka: ka zauna, ka saurara, kada ka buɗe Littafi sai an nema. To, ka san ɗanka da baki. Na tarar da wani dattijo da aka yanke wa ƙafa, na zuba masa ayoyi bakwai ba numfashi. Bawan Allah ya juya fuska bango. Malama ta ce in maimaita makon.

Da na koma, kujera kawai na ja na zauna. Can ya ce in miƙo masa ruwa. Daga nan ya shiga ba ni labarin marigayiya matarsa har ya yi hawaye. Shi da bakinsa ya ce mu yi addu'a.

Baba, ka tuna ina binka gidajen makoki, kai mai wa'azin ikilisiya guda, ka zauna awa ɗaya ba ka ce uffan ba? Kunya nake ji. Na ɗauka don ba ka yi makarantar tauhidi ba ne. Ka yafe mini. Abin da na yi wannan doguwar tafiya don in koya, ashe a gefenka na baro shi.

Ka sa ni a addu'a, ka kuma rage hawan keken nan.

Ɗanka,
Sarkin Surutu