Ƙyallen Tace Ruwa da Aka Shanya Kamar Albasa

Daga: Selina Andrawus, ma'aikaciyar lafiya, Tungar Kyauta, Goronyo.
Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Ruwan Sha na Manoman Rani.
14 ga Afrilu, 2006.

Game da: Lalacewar ƙyallen gawayi na matatar ruwanmu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena.

1. Ranar 2 ga Maris aka kawo mana baƙin ƙyallen nan da aka saƙa da zaren gawayi, a cikin leda a liƙe. Amfaninsa duka yana ga ƙananan kafofinsa da ido ba ya gani, su ke zuƙe maganin feshin da ke gangarowa daga gonaki zuwa ruwan kwata, wato bakin gulbi inda muke ɗiba. Kafofin nan ba sa zaɓe. Abin da suka fara samu shi suke sha, in sun cika kuma shi ke nan.

2. Malam Mode, mai kula da sito, ya farke ledar ya baza ƙyallen a kan katako don ya sha iska kada ya ruɓe, yadda yake yi wa albasarsa. Gefen katakon kuwa galan-galan ne na maganin feshi da fetur na injin ban ruwa. Ba na zarginsa da mugunta. Babu wanda ya yi masa bayani, kuma laifin wannan na kwamiti ne.

3. Ranar da aka buɗe matatar, ni na tara matan garin nan, na sha kofin farko a gabansu, na ba su tabbaci da bakina. Daga baya da aka sa wannan ƙyallen, ruwa ya fito yana warin fetur. Yanzu duk sun koma ɗiba a kwata, ba tacewa ba tafasawa. Habi, 'yar Hauwa'u mai goyo, tana kwance a ɗakin shan maganina da gudawa, uwar ko kallona ba ta yi. Wallahi raina a ɓace yake, na kasa zaune na kasa tsaye. Mi zan ce musu?

Don haka ina roƙon a aiko da sabon ƙyalle a liƙe, a kuma ware masa wuri nesa da maganin feshi. Sannan, ranka ya daɗe, ina roƙon ka zo da kanka ka sha kofin farko a gaban matan nan, domin nawa ba ya gamsar da kowa yanzu.

Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Selina Andrawus