Littattafan Malam Ummaru na 'Yandoto

Litinin, 8 ga Yuli 2024

Dakta Zaharaddeen, shugaban laburarenmu, ya kira ni ofis. Wai wani Malam Ummaru ya rasu a 'Yandoto, ya bar littattafan hannu cike da ɗaki. Magada sun yarda mu ɗauki hotonsu mu saka a taskar jami'a ta intanet, amma da zarar matarsa ta fita takaba za a yi rabon gado, kowa ya kwashi nasa. Masu Kano, masu Maraɗi. Daga nan sai labari. Littattafan suna ɗakinta, namiji ba zai shiga ba, ni kaɗai ce mace a sashen. Wato ba ƙwarewata aka duba ba.

Na ce to. Wa ke jirana a gida da zan ce a'a?

Alhamis, 11 ga Yuli

Motar Tsafe da sassafe, kowa ya yi tsit har muka wuce dajin nan. Daga Tsafe ɗan acaba.

Sunanta Inna Tambaya. 'Yar ƙaramar tsohuwa, ba lalle ba kwalli, zane ɗaya ya koɗe. Na fara kafa kyamara ta ce, “Mi kike sauri, ɗiyata? Ba a taɓa littahin Malam da yunwa.” Tuwon dawa miyar kuka. Bayan shi alwala. Bayan alwala labarin yadda Malam ya auro ta daga Wonaka. Sai wajen azahar ta jawo gafaka ɗaya daga ƙarƙashin gado, irin jakar fatar nan, warƙoƙin takarda a ciki ba ɗinki. Ɗaya tak! Na hango sauran jibge har bango. Ta ce a gidan nan gafaka ɗaya ake buɗewa a yini, haka Malam yake yi.

Na ƙulu, amma na yi mata murmushi.

Asabar, 20 ga Yuli

Ba wuta. Na dafa taliya, na ci rabi a tsaye. Tun jiya da na ce wa maigadi sai da safe ban sake buɗe baki ba.

Talata, 6 ga Agusta

Ɗakin aikina a laburare ba taga, daga ni sai kwamfuta sai ƙarar fanka. Ina gyara hotuna, ina ba kowanne suna. Wani lokaci nakan ji kamar ni ma ajiye ni aka yi a nan.

Dakta ya leƙo. Ya ce da wannan tafiyar ko rabi ba za mu samu ba, in riƙa zuwa sau biyu a mako, in kuma matsa mata. Shi da bai taɓa ganin Inna Tambaya ba. In ka matsa mata sai ta ƙaro maka fura.

Lahadi, 11 ga Agusta

Na je Bunguɗu. Matar Yaya Bashar ta mayar da ɗakin Innarmu wurin ajiye buhunan masara. Ba laifinta ba ne, shekara ta zagayo da rasuwar Innarmu. Na zauna a falo kamar baƙuwa, aka kawo min lemo a faranti. Kafin la'asar na kamo hanya.

Alhamis, 22 ga Agusta

Yau Inna Tambaya ta ba ni gafaka ja. Ina ɗauka tana ta zuba: akuyarta da ta ci wa maƙwabta wake, ɗanta Alhaji Khalid da zai tafi da ita Kaduna bayan takaba, gidan sama, ba wanda ta sani. Ta ce tun da aka gama zaman makoki ƙafa ta ɗauke. “In ba ranar zuwanki ba, ni da kaji muka hira.”

Na yi dariya. Bai kamata ba.

Juma'a, 23 ga Agusta

Ina jera hotunan jiya na ga wata warƙa mai ƙunar fitila a gefe. Na san ta. Na koma na watan jiya, ga ta nan. Littafin gaba ɗaya na riga na ɗauka, gafaka kawai ta sauya masa. Na bincika, ashe ba shi ne na farko ba.

Raina ya ɓaci sosai. Ina kasada da raina a hanyar nan, ita kuma tana juya ni. Kada aiki ya ƙare in daina zuwa, shi ke nan dalilin. Na tashi zan je in gaya wa Dakta, na kai ƙofar ofishinsa, sai na wuce banɗaki na wanke fuska.

Talata, 27 ga Agusta

Ta miƙo gafaka, na buɗe, na gane littafin. Na dube ta, ta dubi kaji. Na ce, “Inna, wannan kamar ya gaji da hoto, a ba ni ɗan'uwansa.” Can ta jawo biyu ta ajiye a gabana, ba ta yi hira ba ranar. Aiki ya yi sauri, ni kuma na bar rabin tuwon a kwano.

Lahadi, 8 ga Satumba

Zazzaɓi. Ba wanda ya sani sai mai kemis.

Alhamis, 19 ga Satumba

Gobe take fita, jibi rabo. Na zo da niyyar in kwashe abin da ya rage ko da hannuna zai tsinke, ta kuwa fito min da su duka, ba gardama. Na kafa kyamara. Sai na ga ta zauna a bakin gado da ƙwaryar lalle, tana ta juya shi da yatsa. 'Yarta da za ta zo ta yi mata kitso da ƙunshin fita ta bugo waya, ba za ta iso ba sai ranar rabo. Ta ce, “Yi aikinki, Muzdalifa. Wa zai duba ƙahwar tsohuwa?”

Na ɗauki warƙa kaɗan. Ban san lokacin da na rufe kyamarar ba.

Gashinta fari fat, laushi kamar auduga. Rabona da yi wa wani kitso tun Innarmu tana asibiti. Ta yi gyangyaɗi a jikin gwiwata, na bar ta. Da na ɗaure mata lallen ƙafa har an yi la'asar, ɗan acaba yana ta oda a waje.

Litinin, 23 ga Satumba

An raba. Abin da ban ɗauka ba ya tafi, ciki har da wani na magunguna da Dakta ya ƙwallafa rai a kansa. Ya yi faɗa ƙwarai, ya ce irin wannan damar ba ta dawowa, kuma gaskiyarsa ce. Ya tambaye ni me na yi ranar Alhamis. Na ce lokaci ne ya ƙure. Ya dubi yatsuna da suka yi ja da lalle.

Ya kamata in ji haushin kaina. Ina ta jira ya zo.

Alhaji Khalid ya kira ɗazu, wai Inna ta ce lalle ya kama, kuma in tambayi kwatancen gidan. Na ce masa Kaduna da nisa, ga aiki. Na dai ce ya turo.