Ƙafar da Kika Ce In Mayar Miki a Hoto

Alhamis, Treichville. Aikin farko: zubar da ruwan wanke hoto na jiya, a haɗa sabo. An yi.

Zuwa ga Tabawa, sanyin idona, kurciyar da ta saba sauka a bakin tagata, ruwan farko na damina a kan busasshiyar ƙasa, inuwar mangwaro da tsakar rana, gaisuwa mai yawa, da yi miki sannu da jiki. Yako, kamar yadda mutanen garin nan ke cewa. Yako, Tabawa!

Kande ƙawarki ta kawo mini saƙonki tare da ƙaramin hoton da aka ɗauke ki a gadon asibiti. Kin ce in ɗauki wannan fuska in ɗora ta a kan tsohon hotonki, wanda kike tsaye da ƙafafu biyu, don fataken shanu su kai wa Innarki a Maraɗi, kada tsohuwa ta san abin da gbaka, motar hayar nan, ta yi wa ƙafarki a mararrabar Roxy. Kin kuma ce kada in zo inda kike a Williamsville, ba kya son in gan ki. Na farkon na yi, yana cikin ambulan ɗin nan. Na biyun ne yake kashe ni.

Aikin bai gagare ni ba, ai sana'ata ce. Na sha tsayar da ɗan dako kusa da motar da ba tasa ba, na sha zaunar da uban da ya rasu a tsakiyar taron sunan jikansa. Na yanka hotunan naki a wuya, na haɗa, na rufe mahaɗin da sarƙar da na zana da fensir. Kande ta duba ta ce, "Wallahi Lukumanu kai maye ne." Amma ni da na rataye shi ya bushe, sai na kasa kallonsa. Hasken fuskar daga tagar asibiti ya zo, ta hagu. Hasken jikin daga fitilar situdiyona, ta dama. Jikin yana murna, fuskar ba ta san da murnar ba. Wace ce wannan matar? A ina aka haife ta? Wa ya taɓa jin muryarta? Ban ce kada ki aika ba. Zuciyar Inna ta tsufa, kuma wataƙila ke ce da gaskiya, ni ne ban fahimta ba. Sau da yawa haka nake. Amma ki sani, ba wannan matar nake so ba.

Kin tuna ranar da na ɗinka ƙananan ƙwayayen tocila da batir a jikin abin ƙafarki na rawa? Da rana tsaka muka toshe tagogi da barguna, zafi kamar a tafasa, maƙwabta suna zaton mun haukace. Na sa faifai, na bar idon kamara a buɗe, kika shiga rawa cikin duhu. Ban ga fuskarki ba, ban ga zanenki ba. Taurari biyu kawai na gani suna kora juna a ƙasa, kamar an sauko da sama an shimfiɗa ta a kan siminti! Da hoton ya fito a cikin ruwa, babu mutum a ciki, sai layukan haske suna murɗewa kamar hanyar kogi. Kika riƙe ƙugu kika ce, "Malam Foto, ka ɗauki hoton mace ka manta da matar? Allah ya shirye ka!" Kika yi dariya har kika zauna a ƙasa.

Hoton yana gabana yanzu. Batirin hagu ya yi sanyi a ranar, don haka layin ƙafar hagu siriri ne, yana ɓacewa yana dawowa. Na dama mai kauri ne. Ko cikin barci aka tashe ni zan nuna miki wanne ne wanne. Wannan siririn layin shi ne abin da ya rage a duniya na ƙafar da likitoci suka yanke. Ina bin sa da yatsa, ina isa inda ya tsaya, sai numfashina ya tsaya tare da shi. Kaico! Me ya sa abin da ya fi komai iya tafiya shi aka hana tafiya?

Jiya na je wurin yayanki Alhaji Maiwada a Adjamé, na same shi a rumfar mahauta. Na gaishe shi, na ce aurenki nake nema. Ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Ƙafar da ta yi rawa a gaban maza, Mai ita ya karɓi abinsa. Kai kuma me za ka yi da saura?" Na maimaita masa roƙona. Sai ya ce ranar Asabar zai sa ki a jirgin ƙasa zuwa Bouaké, ki zauna a ɗakin baya na gidansa na can, inda babu mai ganinki. Ya ce, "In ta faɗa da bakinta tana son ka kafin jirgi ya tashi, ɗauki. In ta yi shiru, kada in ƙara ganin ka."

Saboda haka bakinki nake roƙo, Tabawa. Na san abin da nake: mutum mai shekara arba'in, mai furfura a gemu, yatsu duk tabon magani, wanda ya fi sabawa da fuskokin takarda a kan na mutane. Ban san ko na isa ba. Amma ɗakin baya? Ke? Ke da Treichville ke tsayawa idan kin ɗaga hannu? Ana rufe fitila a cikin tukunya? Ana ɗaure iska a turke? Idan suka kai ki can, ranata za ta zama kamar fim ɗin da haske ya ƙona, fari fat, babu kowa a ciki.

Ki zo kamar yadda kike, da sandarki, da ɗaurin likita, da fushinki ma. Ba zan gyara komai da fensir ba. Hannuwanki suna nan, kafaɗunki suna nan, wuyan nan da ke lanƙwasa kamar reshen kwakwa yana nan. Zan ɗaura ƙwayayen a wuyan hannunki, in toshe tagogi, in buɗe idon kamara, ki zauna a kujera ki rubuta abin da kika ga dama a cikin duhu. Idan kuma ba kya son rawa har abada, to ki zauna kawai, in riƙa jin numfashinki a ɗakin.

Ko kin amsa ko kin yi shiru, zan kasance a tashar Treichville ranar Asabar. Idan jirgi ya tafi da ke, ba zan nemi wata ba har a kai ni makwancina.

Naki, wanda ba shi da wata alƙiblar zuciya sai ke,
Lukumanu.

Na gobe Juma'a, in Allah ya kai mu:
– Kai wa Kande ambulan ɗin kafin masallaci.
– Hotunan ɗaurin auren gidan Tukur, har yanzu ba a wanke ba.
– Kiran magini ya fasa matakalar ƙofar situdiyo, ta yi wa sanda tsawo.
– Wanke barguna.
– Batir biyu, sababbi duka, na dama da na hagu.