Azurfar Doofan Tana Ƙarewa a Hannuna

Malam Babandi, don Allah ka taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni maƙerin azurfa ne a nan Lafia, shekara ashirin da shida ina wannan aiki, kuma wallahi na gaji. Ƙarfen jan wayata, mai ramukan da nake zura azurfa in ja ta ta sirance, gadon babana ne. Ramukansa sun cinye, suna karce waya. Mai kyau na Kano kuwa, da tsadar nan ta bana ko taya shi ban iya ba. Sai na sayi wani mai araha a kasuwa, sai walƙiya yake, rami arba'in, na tura tsohon ƙarƙashin gado.

Ana nan wata mata daga Doma, Doofan, ta kawo min mundayen marigayiya mahaifiyarta, in narka in yi wa 'yarta sarƙa. Na ja waya a sabon ƙarfen, ta tsinke. Na narka, na ja, ta sake tsinkewa. Sau biyar ke nan. Ba zan ɓoye maka ba, bayana ciwo yake, nakan tsallake rami biyu don in gama da wuri, kuma ban cika mayar da wayar wuta don ta yi laushi ba, gawayi ma ya yi tsada. Kowace narkewa azurfar raguwa take, yanzu ba za ta kai tsawon da ta ce ba. Zuciyata tana raya min in ƙara tagulla kaɗan, Doofan ba za ta gane ba. Ƙarshen wata za ta zo. In sayar da kekena in sayi ƙarfen Kano, ko in bar sana'ar kawai?

Maƙerin da ya gaji, Lafia

Ɗan'uwa, sannu da fama. Kekenka ka bar shi, sana'arka ma.

Na kai wasiƙarka wurin wani tsohon maƙeri. Ya ce ƙarfen arahar yana da laifi, bakin ramukansa da kaushi, amma ko na Kano ne, wayar da ba ta sha wuta ba kuma aka tsallake mata rami, tsinkewa za ta yi. Ka jawo na babanka, ka goge ramukan da zare da toka mai laushi, ka shafa wa waya kakin zuma, ka bi rami ɗaya ɗaya. Ɗan abin da ke hannunka ka sa a gawayi da awartaki mai riƙo. Kuma kowane ƙarfe, a kan wayar tagulla ake gwada shi, ba a kan amanar mutane ba.

Maganar ƙara tagulla kuwa, kul. Doofan ba tsawon sarƙa ta zo nema ba, so take abin uwarta ya taɓa wuyan 'yarta. Kada ka jira ƙarshen wata. Hau keken nan ka je Doma, ka gaya mata abin da ya ragu. Za ta ji zafi, wataƙila ta yi faɗa, tana da gaskiya. Sannan ka yi mata gajeriyar sarƙa ta azurfar uwarta zalla.

Allah ya ba bayanka sauƙi, ya sa albarka a hannunka.