Kada a Sa Almakashi a Zaren Kwamfutar Ɗana

Daga:
Baba Mai Waya, tsohon ma'aikacin layin tarho,
Ɗaki na 14, Hawa na Biyu, Gini na Uku.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Rigakafin Gobara,
Ofishin Kula da Rukunin Gidaje.

Litinin, 8 ga Satumba, 2025.

GAME DA: Kwamfutar da aka ɗauke daga ɗakinmu ranar 2 ga Satumba, da shirin yanke zaren cikinta ranar Alhamis mai zuwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da ƙorafina. Shekara ashirin da biyu ke nan ina zaune a wannan gini, ban taɓa rubuto wa ofis ko layi ɗaya ba. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, saboda haka inda alƙalami ya yi tuntuɓe a yi mini afuwa.

A takardar da aka ba ni an rubuta "na'ura mai haɗari, guda ɗaya". Wajibi ne in fara bayyana wa mai girma abin da wannan guda ɗayan yake.

Babban ɗana direban babbar mota ne, ya yi shekara goma sha shida a kan hanya. Ranar 14 ga Nuwamba na bara ya yi hatsari. Allah ya bar mana shi, sai dai ya dawo gida da hannun dama a dunƙule, kuma kansa ba ya ɗaukar ƙara ko kaɗan. Firij ɗinmu a baranda yake kwana yanzu. Ina da wani agogon bango da nake ji da shi, domin idan ƙarfe sha biyu ta yi sau goma sha uku yake bugawa, kuma ban taɓa ganin irinsa ba. Shi ma na cire masa batir. Abokan aikin ɗana suka kawo masa kayan kwamfuta da sitiyari da totur, na wasan nan da mutum ke tuƙa babbar mota a allo, ko zai ji sanyi a ransa. Da suka haɗa suka kunna, sai ta ɗauki gurnani kamar injin niƙa. Minti biyu bai yi ba ya toshe kunne ya juya wa bango fuska.

Shi ya sa na ce zan sake gina ta, ta yi shiru. Mai shagon kwamfuta na ƙasan gininmu ya nuna mini inda kowane abu ke shiga, saura kuma aikin waya ne, aikin da na yi shekara talatin da huɗu ina yi. Muka fara ranar 3 ga Mayu, muka gama ranar 19 ga Yuli. Ga ƙorafina a jere.

1. Ranar Talata, 2 ga Satumba, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, jami'inka mai duba wutar lantarki ya shigo ɗakinmu, cikin binciken da ake yi gida-gida tun bayan gobarar Gini na Biyar. Ban ƙi binciken ba, ni na buɗe masa ƙofa. Ya duba soket, ya duba mita, bai sami aibu ba. Da ya zo kan kwamfutar, ya kara kunne a jikin akwatin, bai ji komai ba, sai ya yanke hukunci cewa fankokinta sun mutu kuma tana dafuwa a ciki. Ranka ya daɗe, fankokin nan huɗu ne, manya, kuma fanka babba ba ta bukatar gudu kafin ta tura iska. A ƙarƙashin kowace ƙusa na sa ƙaramar roba don kada ƙarfe ya yi wa ƙarfe magana. Shirun da jami'in ya ji, shi ne aikin wata biyu da rabi. Ina da gashin tsuntsu guda da nake ajiyewa a aljihun gaba, na roƙe shi ya bari in riƙe a bayan akwatin ya ga yadda zai kaɗa. Ya dube ni, ya dubi gashin, ya ce shi da na'ura yake aiki ba da kaza ba. Na'urar kuwa bai fito da ita ba.

2. Daga nan ya sa na buɗe murfin baya, inda na tattara wayoyin duka don kada su tare wa iska hanya, domin iskar da ta ci karo da waya ita ke yin fito. Ya ga an ɗaure su da zare mai kaki, ba da ɗaurin roba na zamani ba, sai ya rubuta "igiya mai cin wuta". Da irin wannan zare muka ɗaure dubban wayoyi a ɗakin musayar tarho, layi-layi kamar kitso, tun jami'in bai san hanyar makaranta ba, Allah ya ba shi haƙuri. Ban musa cewa kaki yana narkewa ba, amma a can bayan akwatin yake, inda ko ɗumi babu. Na sha sa bayan hannuna a wurin bayan tuƙin awa uku.

Abin da ban samu damar faɗa masa ba shi ne wanda ya yi ɗaurin. Likitar motsa jiki ta ba ɗana ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya wurga shi ƙarƙashin gado, har yau yana can. Amma ranar da ya ga ina jera waya zan fara ɗauri, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wannan hannun da ya mutu. Na maƙala masa zaren tsakanin yatsu. Ƙulli na farko ya ɗauke shi kusan minti arba'in, gumi na ɗiga a kan tebur, matarsa na tsaye a bakin ƙofa ta danne baki da mayafi. Ƙullin ya fito a karkace kamar ƙafar ƙaguwa. Washegari ya yi biyu. Ƙulli ɗari da arba'in da uku ne a cikin akwatin nan, kuma ban yi ko ɗaya ba. Wanda ya bi zaren daga ƙasa zuwa sama zai ga yadda hannun mutum ke dawowa: goma sha tara na farko a karkace, na tsakiya da dama-dama, na ƙarshe kuwa ni kaina da na koya masa ba zan yi kamarsu ba. Wani lokaci nakan buɗe murfin in zauna ina kallo, yadda wasu ke kallon ruwa yana gudu.

3. Jami'in ya zare filogi daga bango alhali ɗana na tsakiyar tuƙi, ba tare da ya ce masa ko sannu ba. Allon ya yi baƙi, hannunsa biyu na kan sitiyari. Mai girma ya fi ni sanin abin da ɗaukewar hanya farat ɗaya take nufi ga mutumin da ya yi hatsari. Aka saɓa akwatin a kafaɗa, gefen gilashi yana gugar ƙarfen matakala, aka sauka da shi.

4. Ranar Laraba, 3 ga wata, na zo ofis, aka ce mai girma yana taro. Ranar Juma'a, 5 ga wata, na dawo, magatakarda ya tura ni ɗakin ajiya. Na tarar da akwatin a ƙasa kusa da taga, an ɗora masa butar shayi. Mai ajiya mutumin kirki ne, ya sauke butar da ya ga fuskata. Shi ya nuna mini jadawali, inda aka rubuta cewa ranar Alhamis, 11 ga Satumba, da ƙarfe goma na safe, ma'aikacin lantarki zai yanke ɗaurin gaba ɗaya, ya rarraba wayoyin ya duba su ɗaya-ɗaya. Ya ƙara da cewa aikin minti biyar ne, kada in damu. Tun daga lokacin nake lissafin minti biyar ɗin nan.

5. Yau kwana shida ɗana bai buɗe hannun dama ba. Da hagu yake karɓar kofi. Surukata ta ce abincin da take kai masa yadda ya shiga haka yake fitowa. Kuma ina shaida wa mai girma, cikin jin kunya, cewa na yi masa ƙarya: na ce rajista kawai za a yi wa kwamfutar a manna mata lamba. Bai san da maganar almakashi ba. Kowace safiya yakan tambaye ni ko an manna lambar, ni kuma in ce layi ne da tsawo. Shekarata saba'in da ɗaya, ban saba da wannan ba, kuma ƙaryar ba za ta wuce Alhamis ba.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon mai girma abubuwa kamar haka.

Na farko, a dakatar da aikin ranar Alhamis har sai mai girma ya karanta wannan takarda ya sa hannu.

Na biyu, a gwada kwamfutar a kunne, a gabana, tsawon duk lokacin da ofis ya ga dama, da ma'aunin zafi na ofis. Murfin baya da ƙusa biyu yake buɗewa, ko sukudireba ba a bukata, kuma kowace waya ana ganinta daga farko har ƙarshe ba tare da an taɓa zare ba. Don haka aka jera su. Zan zo da gashin tsuntsun, ko da ba za a yi amfani da shi ba. Idan aka sami zafin da ya wuce ƙa'ida ko waya guda mai rauni, na yarda da duk hukuncin da aka yanke, ba zan sake rubutowa ba.

Na uku, ba na neman a hukunta jami'in. Ya ga gobara da idonsa a Gini na Biyar, wanda maciji ya sara kuwa ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. A dai sanar da shi cewa ba kowane shiru ne mutuwa ba.

Na huɗu, idan doka ta ce lallai sai an raba wayoyin, to kada a sa almakashi. Zare ɗaya ne tun daga farko, kwancewa ake yi. A ba ni kujera da awa biyu, zan fara daga sama, in buɗe duk inda ma'aikaci yake son gani. Amma ina roƙo, don girman Allah, a tsaya idan an kai goma sha tara na ƙasa. Masu kyan nan na sama, in an mayar masa da akwatinsa zai sake ɗaure su cikin yini ɗaya. Karkatattun ne ba zai iya sake yi ba, kuma addu'ata ita ce kada ya ƙara iyawa har abada.

Zan kasance a bencin ƙofar ofishinka ranar Alhamis tun ƙarfe takwas. Allah ya ƙara wa mai girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Baba Mai Waya
Ɗaki na 14, Hawa na Biyu, Gini na Uku