Shafin da Na Haɗa Ya Sanar da Rasuwar Malam Yana Raye

Anti Samira, don girman Allah ki ba ni shawara. Ni ce na haɗa wa makarantar Malam Ladan ta nan Boɗinga shafin intanet. A hannunsa na yi sauka, shi ya sa na yi aikin da zuciya ɗaya. A gefen dama na sa hotonsa da jawabin walimar saukar bana, a hagu kuma malamanmu da suka rasu, da rubutu babba a sama: Allah ya jiƙan malamanmu. A kwamfutata komai tsaf.

Ashe shafin yana duba irin burauzar da mutum ya shigo da ita, wato manhajar buɗe shafukan intanet, sannan ya ba shi fayil ɗin da ke jera komai a wurinsa. Burauzoji biyu kawai na saka, waɗanda nake amfani da su. Mutanenmu na ƙauye kuwa ƙananan wayoyi gare su, da burauzar nan mai tsimin data. Su shafin bai gane su ba, sai ya zubo musu komai a layi ɗaya, hoton Malam daidai ƙarƙashin addu'ar mamata.

Anti, ranar Asabar sai ga mutane daga Horo Birni da Lambara cike da mota, sun zo ta'aziyya. Yayar Malam, Inna Hasiya ta Lambara, tsohuwa mai hawan jini, da kuka ta shigo. Ta tarar da shi a zaure yana ba da karatu, nan take ta zube, sai da aka yayyafa mata ruwa. Innalillahi! Na sauke shafin, amma na kasa taka ƙofar gidan. Yayana ya ce in ce laifin wayoyinsu ne. Malam bai aiko ba, bai ce komai ba, shirun nan shi ke kashe ni. Ina tsoron ya cire ni daga ransa.

Ɗalibar Malam, Boɗinga

Ƙanwata, ni ma da na karanta sai da na ajiye takardar na yi salati. Ba da gangan kika yi ba, kuma gaskiya ne wayoyin sun bambanta. Amma kada ki bi maganar yayanki. Don mutanen nan kika yi shafin, kuma waɗannan wayoyin ne a hannunsu.

Na tuntuɓi wata mai wannan sana'ar. Ta ce ki daina sa shafi yana tantance burauza da suna, domin kullum akwai wadda za ki manta. Ki jera rubutun yadda ko fayil ɗin tsari bai buɗe ba, ma'anar ba za ta juye ba. Ki ware wa mamata shafinsu daban. Kafin ki sake ɗorawa, ki ari ƙaramar waya irin tasu ki gani da idonki.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ki ɗauki mahaifiyarki ku fara da Lambara, ki duba Inna Hasiya, ki gaya mata da bakinki kuskurenki ne. Daga nan ki wuce wurin Malam ki durƙusa, ba tare da dogon bayanin burauza ba. Ya riga ya ga waɗanda suka bar gonakinsu suka taho don sun ji ya rasu. Ke da kike gari ɗaya da shi, kuma kin san yana raye, ke kaɗai ce bai gani ba. Ki je yau.

Allah ya ba Inna lafiya, ya ƙara wa Malam tsawon rai, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.